Filin Lantarkin da Ya Yi Ƙaura

Ba zan taɓa mantawa da ranar da masu duba filin tashar lantarki suka zo garinmu ba. Ko da ma na so in manta, akwai wani dattijo da ya ɗauki nauyin tuna mini da ita duk kaka, kuma bai taɓa fashi ba.

A lokacin ina aiki a sashen filaye da tsare-tsare na wata ƙaramar hukuma a arewacin Jigawa (ba zan faɗi wacce ba, har gobe a nan nake neman abincina). Garinmu yana da wata 'yar tashar sola da ke ba asibiti wuta, sauran gari kuwa sai haƙuri. Masu walda da masu injin niƙa da masu cajin waya kowa da janaretonsa, in ka shiga kasuwa da rana ko sallamar na kusa da kai ba ka ji. Sai aka ce za a ƙara wa tashar sabon sashe, babba, wanda zai ɗauki kasuwa da unguwannin da ke kewaye da ita. Wurin tsohuwar ya cika, don haka dole a nemi fili a bayan gari. Sharaɗin kuma guda ne: masu ba da izini za su zo daga Dutse su ga filin da idonsu, su tabbatar ba gonar kowa ba ce, ba burtali ba ne, ba makabarta ba. In sun gamsu su sa hannu. In ba su gamsu ba su wuce garin gaba, mu kuma mu koma ƙarshen layi, sai ranar da Allah ya yi.

Ni aka damƙa wa maganar filin, kuma tun daga ranar kaina ya ƙara girma. 'Yan kasuwa suka fara kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa da murmushi irin na wanda ya saba (ni da ko ƙwan fitila ya mutu a gida sai na kira maƙwabci). Mai ƙanƙara ya daina karɓar kuɗina. Mai walda in ya hango ni sai ya kashe injinsa ya ce, "Injiniya, yaushe ne?" Ni kuwa in ce, "Ka ɗauka an gama."

Dagaci ya ba da wani fako da ke arewa da gari, inda ƙasa ta yi tauri ko ciyawa ba ta kama. Wakilinsa ne ya goya ni a babur muka je, abokin aikina Ɗanjuma yana biye da mu a nasa. Duk wanda ya san ƙasarmu bayan an gama girbi ya san yadda take: shimfiɗaɗɗiya, yashi da gawo, gawo da yashi, gabas kamar yamma. Na zo da turaku huɗu da na shafa wa jan fenti da hannuna, na kafa su a kusurwoyin filin, na ja baya ina kallonsu kamar na gina gidan sama.

Ɗanjuma ya ce, "Oga, ka ɗauki lambar wurin a waya mana, ko don gaba."

Na kalle shi daga sama har ƙasa. Na ce, "Ɗanjuma, a garin nan aka binne cibiyata. Waya ce za ta nuna mini hanyar bayan garinmu? Da ɗan gari akan ci gari. Ga turakuna, ga kuma rugar Ardo Manu nan dab da filin, ga farin bijimin nan mai manyan ƙaho da ake hangowa tun daga titi. Wace alama ce ta fi wannan?"

Ya ce to, ya mai da wayarsa aljihu.

Bari in tsaya a nan in faɗi abin da kowa ya sani. Da rani manoma kan sauke Fulani a gonakinsu, shanu su ci kara su bar taki, in gonar ta ƙoshi sai ruga ta tashi ta koma gonar wani. Wannan ko yaron goye a ƙasarmu ya san shi. Ni ma na sani. Sai dai sani daban, tunawa daban, musamman ga mutumin da ake kira Injiniya a kasuwa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ku sani. Ban kai shekara da aure ba a lokacin. Mahaifin matata Sa'a, wanda ba zan kama sunansa ba ko a rubuce, dattijo ne mai sayar da hatsi kuma manomi na gaske, mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya sa nake ƙara jin nauyinsa. In na hango shi a kan hanya sai in tuna ina da uzuri a wani lungu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gonarsa kuwa sau ɗaya na taɓa zuwa, da damina, gero ya fi ni tsawo, ba abin da na gani sai ganye da sama.

Makonni suka shuɗe ana ta kai takardu ana dawo da su, ni kuma ban sake leƙa filin ba (me zan je yi, fili gudu zai yi?). Ranar da baƙin za su zo na tashi da wuri na sa sabuwar shaddata fara, na tsaya gaban madubi ina maimaita jawabin da na shirya. Sa'a ta shigo da kwanon fura ta ce, "Yallaɓai, sha ka ji nono. Daga gonar Baba aka aiko, ya sauke baƙi."

Na ce, "Madalla, madalla," ina gyara karin hula. Na shanye furar tas, na yaba nonon, amma maganar ta shiga ta wannan kunne ta fice ta wancan. Har yau in na tuna cewa amsar duk abin da zai same ni tana cikin kwanon nan na shanye ta, sai in ji kamar in mari kaina.

Baƙin suka iso da hantsi a motar a-kori-kura. Shugabarsu wata injiniya ce ta gaske, Hajiya Rakiya, doguwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Tare da ita akwai safiyo mai awon ƙasa da na'urarsa mai ƙafa uku, sai direba. Ranar ta dace da kasuwar Maigatari, wakilin dagaci ya tafi sayar da ragonsa tun da sassafe. Ɗanjuma ya matso ya ce mini a hankali ko za mu jira shi ya dawo. Hajiya ta ji, ta duba agogo ta ce suna da wani garin da za su duba kafin la'asar, in ba a shirya ba sai wani zagayen.

Na ce, "Haba ranki ya daɗe, ai ko ido rufe zan kai ku."

Na shige gaba kusa da direba, na fitar da gwiwar hannu ta taga yadda 'yan kasuwa za su gan ni da kyau. Muka bar kwalta muka shiga yashi. Can na hango ruga, na hango farin bijimin nan yana tsaye kamar yana jirana, na ce wa direba ya karya hagu. Gaskiya zuciyata ta ɗan taɓa ni, ta ce anya wancan karon ba dama muka yi ba, kuma kamar sai da muka wuce wata rijiya? Amma da muka matso sai ga jan fenti yana ƙyalli a rana. Turakuna ne, guda huɗu cif, aikin hannuna. Na ce wa zuciyata ta yi mini shiru.

Abin da kawai ya ɗan ɓata tsari shi ne turakun suna jere kusa da juna, kuma kowanne an ɗaure masa maraƙi.

Hajiya ta sauko ta dube su ta ce, "Malam, iyakar filin ke nan? Ai ko shagon caji ba zai zauna a nan ba."

Na yi dariya irin ta manya na ce, "Makiyaya ne suka ɗan matsar da su, ranki ya daɗe. Filin ga shi nan, daga gawon can har zuwa wancan." Na miƙa hannu na zana iyaka a iska, ina ƙara faɗi yadda raina ya so. Safiyo ya kafa na'urarsa, ya ba ni 'yan jajayen tutoci in riƙe. Matan rugar suna gefe suna kallonmu, ɗayarsu ta rufe baki da gefen mayafi. Na ɗauka kwarjinina ne.

Sai na gyara murya na fara jawabin madubi. Na tsaya daidai gaban wata bukka da ke gindin wani babban gawo, don a nan ne inuwa ta ɗan leƙo. Na ce wannan ƙasa da suke gani matacciya ce tun zamanin kakanni. Na ce ko ƙaya aka shuka a nan sai ta yi shawara kafin ta fito. Na ce babu mai ita, babu mai sonta, Allah ne ya ajiye ta don hasken al'umma.

Hajiya ta sa ƙafa ta ture wani abu a ƙasa, ta sunkuya ta ɗauko. Ta ce, "Wannan fa? Ba kututturen karan gero ba ne? Kuma ga shi har can, a jere. Ga taki ko'ina."

Nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya ce a dakata, bari a bincika. Ɗanjuma yana bayanta yana mini alama da ido, yana girgiza kai. Amma na tuna mai walda, na tuna mai ƙanƙara, na tuna ƙarshen layi, sai bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kin san mutanenmu. Wani tsoho ne mai haɗama, irin waɗanda ko a tsakar kasuwa suka ga fili sai sun soka garma. Noman sata ya yi. Kuma ki dubi karan ma, ai kin san ba manomi ba ne, wahalar da ƙasa kawai ya yi. Ni da kaina zan kira shi ofis in ja masa kunne."

Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ni na yi nawa a gona, wallahi ban san da wanda nake ba.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan bukkar. Wata irin gyaran murya ce mai sanyi, wadda na sani sarai, wadda na taɓa ji daga cikin zaure ranar da aka je nema mini aure. Ardo Manu ya fara fitowa da sandarsa. Bayansa kuma wani dattijo ne da farar riga da ƙwaryar nono a hannu, yana tafe a hankali kamar ba abin da ya dame shi a duniya. Ashe tun kafin mu iso suna zaune a inuwar gawon, ya kawo wa Ardo gero suna hira.

Ban san lokacin da na tuɓe takalma ba. Ban san lokacin da na zube ƙasa na tsuguna ba, tutoci a hannu, hula ta karkace. Yashin bazara da tsakar rana, duk wanda ya taɓa taka shi ba takalmi ya san abin da nake nufi. Kuma wurin da Allah ya zaɓa mini in tsuguna cike yake da ƙarangiya.

Na ce, "Baba, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya mutan gida?"

"Lafiya lau suke."

Baba mutum ne mai gajeriyar gaisuwa, amma ran nan sai da ya tambayi mahaifiyata da ƙannena da shugaban ofishinmu da babur ɗina. Tafin ƙafata yana soyuwa, ina ɗaga wannan in sauke wancan kamar kaza a kan kwano mai zafi, kuma ba halin in miƙe tunda bai sallame ni ba. Sannan ya juya ga Hajiya ya yi mata barka da zuwa, ya ce, "Hajiya, ni ne tsohon. An ce za a kira ni ofis, na ga gara in hutar da masinja."

Hajiya ta cire tabarau ta dube shi, ta dube ni a ƙasa, ta ce, "Baba, kun san juna ne?"

Ya ce, "Kaɗan. 'Yata ce a gidansa."

Direba ya juya baya ya kama ƙofar mota, kafaɗunsa suna rawa. Safiyo ya cusa ido a na'urarsa kamar ya hango wani abu a Nijar. Ɗanjuma kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi, zama ya yi a ƙasa yana share hawaye. Ni dai na roƙi Allah ƙasar nan da na ce matacciya ce ta tsage in shige, amma ta ƙi, kuma ban ga laifinta ba.

Ardo ne ya warware zancen. Ya ce sun tashi daga wancan wurin tun tuni, da gonar maƙwabcin fakon ta ƙoshi da taki, surukina kuma ya kira su nan. Da za su taso suka ga turaku masu kyau an yar a daji ba mai su, har da fenti, suka ce Allah ya kawo wa maruƙa. Ya ce in nawa ne ya kwance mini yanzu. Na ce a'a, na bar wa maruƙan, kaina yana ƙasa.

Hajiya ta mai da tabarau, fuskarta ta koma ta aiki. Ta ce ita dai abin da ta gani shi ne gona mai mai ita, kuma shi za ta rubuta, don lokaci ya tafi. Kunyar suruki daban, amma a ce garin nan gaba ɗaya ya rasa wuta saboda na yi alama da bijimi, wannan ba na jin zan iya sake ratsa kasuwa. Na buɗe baki zan yi roƙo, sai Baba ya riga ni.

Baba ya miƙa wa Ardo ƙwaryar ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki ba mu ɗan lokaci. Fakon da dagaci ya bayar ba nisa, ina wurin aka yi maganar. Jikokina ma suna son karatu da fitila. Kada laifin hula ya shafi kai." Sannan ya dube ni ya ce, "Tashi, Malam, kada ka nuna."

Shi ya shiga gaba kusa da direba. Ni kuwa Injiniya aka ce in hau baya, ni da Ɗanjuma da na'ura mai ƙafa uku, ina tsintar ƙarangiya daga shaddata ɗaya bayan ɗaya. Muka koma titi, muka yi dama, muka wuce rijiyar nan da zuciyata ta gaya mini. Ga fako nan shimfiɗe, tauri kamar siminti, ga ramukan turakuna guda huɗu suna kallona. Safiyo ya yi awonsa. Hajiya ta zagaya, ta tambayi Baba inda burtali ya bi, ya nuna mata can nesa, ta gyaɗa kai. Kafin su tafi ta kira ni gefe ta ce filin ya yi, za ta sa hannu. Ta ƙara da cewa in ta koma za ta ba da shawara a riƙa tambayar jami'ai ko alamarsu tana cin ciyawa.

Na koma gida da niyyar ba zan ce uffan ba. Na tarar da Sa'a a tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dubi ƙafafuna da nake takawa a hankali, ta ce, "Sannu da zuwa, mai jan kunne." Ashe matar Ardo mai kawo nono ta riga ni isowa. Ta dafa mini ruwa ta sa gishiri in jiƙa ƙafa, tana yi tana dariya har da riƙe ciki. Na ce mata ai da ta gaya mini Baba ya sauke Fulani da duk haka ba ta faru ba. Ta ce, "Au, furar da ka sha da safe, da me aka dama ta?"

Kafin sati ya zagayo sunana a kasuwa ya koma Injiniyan Ruga. Na daina bin layin 'yan hatsi gaba ɗaya. Da ƙyar wani kawuna ya raka ni na je na ba Baba haƙuri a zaure, na tsuguna (a kan tabarma wannan karon), ya ce shi bai ji komai ba, iska ce take kaɗawa a ranar.

Izini ya fito, aka kafa farantan sola a fakon, aka ja waya zuwa gari. Yanzu in ka shiga kasuwa kana jin sallamar mutane, mai walda ya sayar da janaretonsa, mai ƙanƙara kuma ya koma karɓar kuɗina. Na ɗauka magana ta wuce.

Da kaka ta yi sai ga amalanke a ƙofar gidana da buhun gero, irin mai manyan ƙwaya da ko a kasuwar Gumel sai an tona. Mai amalanken ya sauke ya ce an ba shi saƙo, an ce kada ya rage ko kalma: "A gai da Injiniya. Ga ɗan abin da matacciyar ƙasa ta iya, in ji tsohon nan. Yana nan yana jiran kiran ofis."

Tun daga wannan shekarar buhun bai taɓa fashi ba, saƙon ma haka. Ni kuma ina karɓa, ina ci, ina ƙoshi, don kunya ba ta hana tuwo wucewa. Abin da na koya dai guda biyu ne, kuma duk sabon ma'aikacin da aka turo ofishinmu sai na gaya masa: kada ka yi alama da abin da ke da ƙafa, kuma kafin ka zagi mai gona, ka fara leƙa bayan bukka.